Turken Ƙarfe a Ƙofar Gida: Dabarar da Mutanen Kanada da Ingila Suka Koma wa Domin Tsare Motocinsu



Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon doki ko sa ya san turke, wato icen nan mai ƙarfi da ake kafewa a ƙasa a ɗaure dabba a jikinsa don kada ta bi dare ta ɓace. To, ga shi zamani ya juyo, har mutanen birnin Toronto na ƙasar Kanada da na Landan ta Ingila sun wayi gari suna kafa turaku a ƙofofin gidajensu. Bambancin kawai shi ne nasu na ƙarfe ne, kuma ba a ɗaure motar a jikinsa. A gabanta ake tsayar da shi ya tare mata hanyar fita. Masu karanta shafukanmu na Faransanci sun san shi da sunan borne, ni kuwa a nan turken ƙarfe zan kira shi. Dalilin da ya sa na ga ya dace mu tattauna shi biyu ne. Na farko, da yawa daga cikinmu suna da ƴaƴa da ƙanne a Montreyal da sauran biranen can, kuma abin da ya ci musu dukiya ya taɓa tukunyar gida. Na biyu ya fi nauyi: wani kaso na motocin da ake sacewa a can, a kasuwannin Afirka ta Yamma yake sauka.

Bari mu fara da girman matsalar. A shekarar 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, wato kusan mota guda a kowane minti biyar, dare da rana. A 2023 kuɗin da kamfanonin inshora suka biya saboda satar motoci ya haura dalar Kanada biliyan ɗaya da rabi, kuma a birnin Toronto kaɗai motocin da suka ɓace a wannan shekara sun wuce 12,000. Abin bai bar manya ba, domin tsakanin 2021 da 2023 sau uku ana sace motar aikin ministan shari'a na ƙasar, biyu a zamanin David Lametti, ɗaya a zamanin magajinsa Arif Virani. Da tura ta kai bango, gwamnati ta kira babban taron ƙasa a Otawa ran 8 ga Fabrairun 2024 musamman a kan wannan batu.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ƙasar da ta wajabta tun 2007 cewa kowace sabuwar mota ta zo da na'urar hana injin tashi ba tare da makullinsa ba za ta faɗa wannan hali? Amsar tana cikin irin makullin zamani, wanda ba a zura shi ko'ina. Yana aljihunka, motar ta ji siginarsa, ƙofa ta buɗe, ka danna maɓalli inji ya tashi. Ɓarayi biyu sukan zo da tsakar dare. Ɗaya ya tsaya jikin ƙofar gida da wata na'ura mai jawo siginar makullin da maigida ya rataye a zaure, ta miƙa wa na biyu da ke tsaye kusa da motar. Ita mota ba ta da hankalin da za ta bambance, sai ta ɗauka mai ita ne ya iso. Wasu kuma sukan fasa gilashi su jona kwamfuta a kafar nan da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda makanikai ke amfani da ita wajen gano ciwon mota, su ƙirƙiri sabon makulli nan take. Akwai ma hanya ta uku da wasu masana biyu na Ingila, Ian Tabor da Ken Tindell, suka fallasa a 2023 bayan an sace wa na farkonsu motarsa ƙirar Toyota RAV4: ɓarawo ya ɓanɓare gefen fitilar gaba, ya kai ga wayoyin da sassan motar ke magana da juna ta cikinsu, ya aika saƙon ƙarya cewa makulli ya zo. Na'urar da ake wannan aiki da ita an ɓoye ta ne a cikin kwanson ƙaramar lasifikar jin waƙa, ta yadda ko ɗan sanda ya gan ta a hannun yaro ba zai ce komai ba. Duk waɗannan hanyoyi, mafi tsawonsu ƴan mintuna ne, kuma babu ƙarar da za ta tada mai barci.

A nan ne hikimar turke take. Ɓarawon zamani ya ƙware a yaudarar kwamfuta, amma bututun ƙarfe da aka binne a cikin siminti ba ya sauraron sigina, ba a kuma yi masa ƙarya. Ko an buɗe motar, ko an tada injin, tana nan daram sai an kawar da abin da ke gabanta. Kawar da shi kuwa sai da injin yankan ƙarfe, mai ƙara da tartsatsin wuta, ko kuma a banke shi da motar, a lalata hajar da aka zo ɗauka. Wanda ya yi niyyar kai mota tashar jirgin ruwa ya sayar da ita da tsada ba ya son ko ƙwarzane a jikinta. Saboda haka abin da turke ke saya wa mai gida shi ne lokaci da hayaniya, abubuwa biyu da ɓarawo ya fi ƙi a duniya. Sau da yawa ganinsa kaɗai kan sa ya wuce gaba. Sai dai, a faɗi gaskiya komai ɗacinta, gaban da yake wucewa ɗin nan gidan maƙwabci ne wanda bai kafa nasa ba. Turke yana kare motar mutum guda, ba ya rage yawan ɓarayin gari.

Asalin wannan abu ba na gida ba ne. A bakin teku aka san shi, inda ake ɗaure igiyoyin jiragen ruwa, kuma a wasu tsofaffin titunan Landan har yau ana ganin turakun da aka yi da tsofaffin igogin yaƙi, an binne gindinsu an bar bakinsu a sama. Bayan harin birnin Nice na Faransa ran 14 ga Yulin 2016, inda wani ya tuƙa babbar mota cikin taron jama'a ya kashe mutum 86, biranen Turai suka yawaita kafa su a dandali da kasuwanni. Irin waɗancan ana gwada su ne da ma'auni na musamman, kamar PAS 68 na Ingila, inda ake sako motar da ta kai tan bakwai da rabi a guje ta daki turken a ga ko zai tsaya. Na ambaci wannan ne don kada dillali ya ruɗi wani: na ƙofar gida ba ya buƙatar wannan daraja, kuma mafi yawan waɗanda ake sayarwa don gidaje ba su da ita. Aikinsu hana fitar da mota a hankali ne, ba tare babbar mota mai gudu ba.

Na gidaje iri-iri ne. Mafi arha shi ne mai kwanciya, wanda ake ɗaure gindinsa da kusoshi a kan daɓe, a kwantar da shi in za a fita, a tayar a kulle in an dawo. A ganina wannan ya fi dacewa da hana wani ajiye mota a wurinka fiye da hana sata, domin ƙarfinsa bai wuce ƙarfin kusoshinsa ba. Akwai wanda ake zarewa gaba ɗaya daga raminsa a ajiye gefe. Yana da ƙarfi, amma nauyinsa kan gajiyar da mutum, kuma abin da ke gajiyarwa ba a daɗewa ana yinsa. Wanda ya fi karɓuwa shi ne mai nitsewa: yana da kube na ƙarfe a binne a ƙasa, a jawo shi sama da hannu a murɗa ya kulle, in za a fita a buɗe da makulli ya koma cikin kubensa ya yi daidai da ƙasa. Sai kuma na masu hali, wanda ke hawa da sauka da kansa da ƙarfin lantarki, ana danna masa maɓalli daga cikin mota. Farashi yana tashi ne daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai, kuma sau da yawa kuɗin gini ya kan kamo kuɗin ƙarfen.

Ginin nan shi ne inda aiki yake gyaruwa ko ya ɓaci, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Turke mai nitsewa yana buƙatar rami wanda zurfinsa ya fi tsawon abin da ake gani a sama, tun da dukkan jikinsa zai koma ciki, sannan a ƙarƙashinsa a zuba tsakuwa domin ruwa ya tsiyaye. Idan aka rufe gindin kuben da siminti ruf, ya zama tulu: ruwa ya taru, tsatsa ta ci, a Kanada kuma ruwan ya daskare ya riƙe turken ƙam da safiyar da ake sauri. Sanyin can yana shiga ƙasa sosai, har a yankin Toronto ana sauke harsashin gini zuwa wajen mita 1.2 don kada ƙanƙara ta tura shi sama. Ga kuma gishirin da ake barbaɗa wa hanyoyi lokacin hunturu, wanda ba ya ga maciji da ƙarfe. Kafin a sa diga a ƙasa dole a nemi a zo a nuna inda bututun gas da wayoyin lantarki suka bi. A jihar Ontario hukumar Ontario One Call ce ke karɓar wannan buƙata, a Kebek kuma Info-Excavation, kuma ba a biyan ko sisi. Sannan a tabbatar da iyakar fili, domin a biranen can sau da yawa ƴan mitocin farko daga bakin titi mallakar hukumar gari ne ko da mai gida ne ke share su, kuma wanda ya kafa ƙarfe a nan ba da izini ba za a iya sa shi ya tone da kuɗinsa. Ɗan haya kuwa ba shi da ta cewa sai da yardar mai gida.

Sai maganar tazara. Faɗin ƙaramar mota ya kan kai wajen mita 1.7, manya kuma su kusanci mita 2, shi ya sa masana ke cewa kada giɓin da ke tsakanin turke da turke, ko tsakanin turke da bango, ya wuce mita 1.2. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidajen can galibi ba su da katanga, ciyawa ce shimfiɗe a gaba, don haka wanda ya kafa turke biyu masu tsada ya bar gefen ciyawa a buɗe ya yi wa ƙofar gidansa ado ne kawai. Ɓarawo zai karya sitiyari ya bi ta kan ciyawar maƙwabci. Haka nan ana son a matso da motar daf da turken, ta yadda babu filin ja da baya balle a samu gudun bankewa.

Akwai wani ɓangare mai tada hankali da bai kamata a ɓoye ba. Yayin da masu motoci suka ƙara tsaro, wasu ɓarayin sai suka koma fasa gidaje da dare don neman makulli, wasu kuma suna tare mutum a hanya da makami. A farkon 2024 wani ɗan sandan Toronto ya shawarci mazauna wata unguwa da su riƙa barin makullan motocinsu kusa da ƙofar shiga, don in ɓarayi sun fasa su ɗauka su tafi ba tare da sun kai ga iyali ba. Maganar ta jawo surutu ƙwarai, mutane suna ganin hukuma ta sallama. Ni kam, ko da yake na fahimci fushin jama'a, ban ga laifin ma'anar da ke ƙarƙashin maganar ba. Mota ana sayen wata. Duk mai turke ya sani cewa ranar da aka sa masa bindiga aka ce ya sauke, saukewa zai yi, kuma ya kamata matarsa da manyan ƴaƴansa su san cewa wannan ita ce shawarar gidan tun kafin ranar ta zo, Allah ya kiyaye.

Shi ya sa ƴan sandan can ba sa cewa turke kaɗai ya isa. Suna haɗa shi da sandar kulle sitiyari, da ƴar jakar nan mai rufin ƙarfe a ciki wadda ke toshe siginar makulli, irin wadda hukumar garin Brampton ta raba wa mazauna kyauta a 2023, da murfin kulle kafar kwamfutar mota, da na'urar bin sawu. Wasu kamfanonin inshora ma sun ɗora ƙarin dala 500 a shekara a kan motocin da ɓarayi suka fi so, irin su Honda CR-V da Toyota Highlander da Lexus RX, sai in mai motar ya sa na'urar bin sawun da suka amince da ita. Satar ta ragu da kusan kashi 19 cikin 100 a 2024, bayan an tsaurara doka an kuma ƙara bincike a tashoshin jiragen ruwa. Ba turaku ne suka kawo wannan ragi su kaɗai ba, toshe hanyar fitar da kayan ma ya taimaka.

Hanyar fitar kuwa ita ce ta kawo mu gida. Ana sace mota a Toronto, a cusa ta a kwantena, jirgin ƙasa ko tirela ta kai ta tashar Montreyal, daga nan sai teku. A watan Afrilun 2024 ƴan sandan Ontario da jami'an duwan na Kanada suka sanar da cewa cikin ƴan watanni sun ƙwato motoci 598 daga kwantenoni a wannan tasha. A 2023 ƴan jaridar gidan talabijin na CBC sun bi sawu har Ankara ta Gana, suka tarar da motocin da aka sace a Kanada an jera su ana sayarwa, wata ma da takardun mai ita a ciki. A watan Mayun 2024 hukumar ƴan sandan duniya, Interpol, ta ce tun da Kanada ta haɗa bayanan motocinta da rumbun hukumar a watan Fabrairu, an gano sama da 1,500 a ƙasashe daban-daban. Mu kuwa shekara da shekaru motocinmu ta teku suke zuwa, ta Kwatano da Lome, har sunan Kwatano ya zame mana sunan duk wata haja ta hannu. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ya karkata hanya, amma bai canja inda motocin ke fitowa ba. Mafi yawan dillalanmu mutanen kirki ne masu neman halali, kuma mafi yawan motocin da suke kawowa an saye su ne a fili. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: muddin akwai mai karɓar sabuwar mota fil a rabin kuɗinta ba tare da ya tambayi dalili ba, ɓarawon can ba zai rasa aiki ba. Malamanmu ba su yi saɓani ba a kan cewa sayen abin da mutum ya san na sata ne haramun ne, kuma sayarwar ba ta fitar da abin daga mallakar mai shi na asali. Ko ta fuskar duniya ma, ranar da lambar motar ta fito a kwamfutar jami'ai a wata iyaka, motar ta tafi, kuɗin ma sun tafi.

To, ko turken ƙarfe yana da amfani a gidajenmu na nan? Wanda yake da katanga da ƙyauren ƙarfe ya riga mutumin Toronto nisa, abin da ya rage masa shi ne ya duba kwaɗonsa da maratayan ƙyauren, domin sau da yawa za ka ga ƙyaure mai kauri an rataye shi da ƴar walda wadda sandar ƙarfe guda za ta ɓalle. Turke mai zarewa guda ɗaya a bayan ƙyaure, daga ciki, yana ƙara wa ɓarawo aiki na biyu, kuma mai walda na unguwa zai iya haɗa shi da bututu mai kauri a cika cikinsa da siminti da rodi, wanda ke cinye faifan injin yanka. A rufe kwaɗon da ƴar rumfar ƙarfe don kada almakashin ƙarfe ya samu bakin kamawa. Mai hawa da lantarki ban ba kowa shawararsa ba a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama. Mai nitsewa ma yana da abokan gaba a nan: mu ba ƙanƙara ce damuwarmu ba, rairayi ne da ƙurar hunturu da ruwan damina mai tafe da laka, waɗanda za su cika kuben cikin wata guda in babu murfi. Kuma kada a cika shi da man giris, domin giris da yashi in sun haɗu sun zama abin goge ƙarfe; a share, a wanke, a sa mai kaɗan a makullin kawai. Ga mafi yawan gidajenmu ma babur ne abin hawan, kuma shi ɗaukarsa ake yi cak. Maganinsa zobe ne na ƙarfe mai kauri a dasa a cikin daɓen siminti a tsakar gida, a zura sarƙa ta cikin gangar jikin babur ɗin, ba ta ƙafar gaba da ake kwancewa da sifana ba.

Waɗanda suka fi jarabtuwa da kafa turaku su ne mazauna tsofaffin unguwanni, inda gida zaure gare shi ba ƙofar mota ba, dole mota ta kwana a waje. A nan ina roƙon a yi hattara. Lungu hanyar jama'a ce, ba filin mai mota ba, kuma ƙarfen da aka kafa a cikin duhu tarko ne ga makaho, da yaro mai gudu, da ɗan kabu-kabu, da mai amalanke. A nemi izinin ma'aikatar magajin gari, a shawarci mai unguwa da maƙwabta, a shafa wa turken farin fenti da ja, a manna masa abin nan mai ƙyalli in fitila ta haska shi, kuma kada ya gaza tsayin ƙugu, don gajere direba ba ya ganinsa in yana ja da baya. Idan lungun zai ƙuntata har motar ɗaukar mara lafiya ko ta kashe gobara ta kasa wucewa, a haƙura, a nemi gareji mai gadi a biya kuɗin wata.

Makullin turke kuma kada ya zama guda ɗaya a aljihun maigida. Naƙuda ba ta duba ko ya yi tafiya, ciwon yaro ma haka. A yi biyu ko uku, uwargida ta san inda nata yake, a kuma gwada ta sauke turken da hannunta tun ranar da aka kafa. In ya fi ƙarfinta, an zaɓi wanda bai dace da gidan ba. Kada kuma a haɗa shi a zobe ɗaya da makullin mota, domin wanda ya samu ɗaya ya samu duka.

Ga mai shirin sayen mota ta hannu, lambar shasi tana da haruffa da alƙaluma 17. Tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofarsa, da kuma cikin takardun duwan da na mallaka. A tsaya da rana tsaka a karanta su ɗaya bayan ɗaya a ga sun yi daidai, a duba ko an kankare wurin ko an sake manna farantin. A nemi makulli biyu na asali, domin motar da aka ɗauke da dare ba ta zuwa da su. Sannan kafin a biya, a kai lambar ofishin ƴan sanda a roƙi a duba ta a rumbun Interpol, tun da ƙasashenmu duka mambobin hukumar ne kuma kowace tana da ofishinta a babban birni.